Bayan Kasuwa Ta Watse: Ina Kiɗan New Wave Ya Shiga?

Ranar 13 ga Yuli, 1985, aka yi gagarumin taron kiɗan nan na Live Aid domin tara kuɗin agaji ga mutanen Habasha da yunwa ta addaba. An yi shi a wuri biyu lokaci guda, filin Wembley na Landan da filin JFK na Philadelphia. Cikin waɗanda suka hau dandamali a Philadelphia akwai Duran Duran, ƙungiyar samari biyar da aka kafa a Birmingham, kuma a wannan makon waƙarsu ce ta ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka. Wanda ya gan su ranar zai ɗauka yanzu ma suka fara cin duniya. Alhali a cikin gida ƙungiyar ta riga ta dare biyu, kowane ɓangare ya kafa tasa, kuma daga wannan rana su biyar ɗin ba su sake tsayawa tare a gaban jama'a ba sai a 2003. Shi ya sa masu bin tarihin kiɗan Turawa da dama, in za su ce ga inda yayin New Wave ya ƙare, wato salon kiɗan Turawa da ya yi tashe daga ƙarshen shekarun 1970, wannan shekarar suke nunawa.

To amma ga wata ranar. A 18 ga Yuni, 1988, Depeche Mode, mutum huɗu daga Ingila da ke tsaye bayan na'urorin kiɗa, suka tara sama da mutum 60,000 a filin Rose Bowl da ke Pasadena, kusa da Los Angeles. A lokacin waƙarsu ɗaya tak ta taɓa shiga cikin ashirin na sama a Amurka. Kiɗan da aka ce an binne shekara uku da suka wuce, ina ya samo wannan jama'a?

Ni dai a ganina abin da ya mutu a tsakiyar shekarun 1980 suna ne da rumfar da 'yan kasuwa suka kafa masa. Ita sana'ar ta rarrabu ta bi hanyoyi daban-daban, kuma mafi nagartar abin da ta haifar ya zo ne bayan 'yan kallo sun juya baya.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane haka. A tsakiyar shekarun 1970 aka yi guguwar kiɗan punk a New York da Landan, na samarin da ba su wani ƙware da jita ba, suna kiɗa da sauri da hayaniya, suna caccakar kowa. Gidajen rediyon Amurka suka ƙi taɓa shi. Seymour Stein, mai kamfanin faifai na Sire wanda ya ɗauki Ramones da Talking Heads, ya ga in dai da wannan suna ne haja ba za ta fita ba, sai ya dage a riƙa kiran mawaƙansa 'yan New Wave. Tun daga tushe ke nan laƙabin na talla ne, kuma an jibga masu kiɗa iri-iri a ƙarƙashinsa: Blondie da Talking Heads da suka taso a ɗan gidan kiɗan CBGB na New York, The Cars na Boston, Devo na jihar Ohio, Elvis Costello da The Police a Ingila, daga baya kuma Gary Numan da Human League waɗanda suka ajiye jita suka rungumi sintesaiza, wato fiyanon lantarki mai ƙera sauti da kansa. Abin da ya haɗa su shi ne gajeriyar waƙa, da bugun da ƙafa ke iya bi, da murya mai sanyi wadda ba ta kwarmato, da kuma yarda cewa ba sai mutum ya zama gwanin kaɗa ba kafin ya yi abin a zo a gani. In kana da tunani da na'ura, sun ishe ka.

Tashar MTV ce ta kai su ƙololuwa. Da aka buɗe ta ranar 1 ga Agusta, 1981, tana neman bidiyon waƙa dare da rana, kamfanonin Amurka kuwa ba su tanadi da yawa ba. 'Yan Birtaniya sun daɗe suna yin bidiyo saboda talabijin ɗinsu, suna kuma da ado da kwalliyar da ke ɗaukar ido. Abin nema ya samu. A Yulin 1982 Human League suka hau matsayi na ɗaya a Amurka, a tsakiyar 1983 kuwa an yi makon da kusan rabin waƙoƙi arba'in na sama a ƙasar na 'yan Birtaniya ne.

Abin da ya karya wannan tashe, a fahimtata, nasararsa ce ta farko. A 1983 kamfanin Yamaha ya fito da DX7, sintesaiza mai farashin dala 2,000 ba kaɗan, a zamanin da na'ura irin Fairlight ke cin dubun-dubatar daloli. A wannan shekarar kuma kamfanoni suka amince da tsarin MIDI, wanda ya ba na'urori daban-daban damar haɗuwa su yi aiki tare. Cikin shekara biyu, wannan ƙara mai ƙyalli da a da in ka ji ta ka san 'yan New Wave ne, ta shiga ko'ina: waƙoƙin soyayya na baƙaƙen Amurka, tsoffin mawaƙan rock da a da suke yi wa na'ura kallon raini, tallar talabijin, kiɗan fim. Duk wanda ya ga yadda fiyano ya shigo situdiyoyin Kano zai gane abin nan. Da farko shi ne abin magana, har ana ware shi ana cewa kiɗan fiyano, amma da kowa ya mallake shi, daga masu nanaye har masu waƙar siyasa, sai ya daina bambanta kowa da kowa. Haka ta faru da su. Alamar da ake gane su da ita ta zama ta kowa.

Sauran dalilan sun biyo baya. Kamfanoni sun yi ta ɗaukar duk wanda ya yi askin zamani ya riƙe na'ura, har kunnuwa suka ƙoshi. A Jamus aka fi ganin wannan ƙarara, inda nasu reshen mai waƙa da Jamusanci ya yi tashe daga 1981, ya fitar da irin su Nena har Amurka, amma zuwa 1984 ya yi kwantai saboda yawan jabu. Manyan ƙungiyoyin kuma suka yi ta wargajewa: Blondie da Japan a 1982, The Police bayan rangadinsu da ya ƙare a 1984, Go-Go's a 1985, Culture Club a 1986, The Cars a 1988. Gajiya da ƙwaya da rigimar kuɗi sun ci da yawansu. Ita ma Amurka zuciyarta ta juya. Masu sauraron rock da dama dama can ba su taɓa sakin jiki da mazan Ingila masu kwalli da jan baki ba, don haka da Bruce Springsteen ya yi tashe a 1984 da wandon jins da jita, sannan Bon Jovi a 1986 da Guns N' Roses a 1987, sai MTV ta bi inda kuɗi suke. Ga Michael Jackson da Prince da Madonna sun riga sun ɗebi abin da suke so daga sabon sautin sun wuce gaba, ga kuma rap yana tasowa. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Waɗanda suka tsira su ne waɗanda tun farko ba su jingina da manyan gidajen rediyo ba. Depeche Mode da The Cure da New Order sun tara mabiyansu ne sannu a hankali, ta rediyon ɗaliban jami'a, da tashoshi ƙalilan irin KROQ ta Los Angeles, da gidajen rawa, da kaset ɗin da aboki ke kwafa wa aboki. Irin wannan mabiyi ba ya gudu don yayi ya wuce. Da suka daina fafutukar shiga jadawali kowane wata uku, sai suka sami sararin girma, waƙoƙinsu suka yi nauyi, suka shiga maganar imani da laifi da kaɗaici da tsufa. The Cure suka fitar da Disintegration a 1989, kundi mai dogayen waƙoƙin baƙin ciki wanda kamfaninsu na Amurka ya ji tsoron ba zai sayu ba, ya kuwa zama wanda ya kai su manyan filayen wasa. Depeche Mode suka fitar da Violator a Maris 1990. Ranar da suka je wani shagon faifai a Los Angeles don sa wa masoya hannu, dubban mutane suka toshe tituna har sai da 'yan sanda suka tashi taron. Kundinsu na 1993 ya shiga matsayi na ɗaya a Amurka da Birtaniya gaba ɗaya, abin da ba su taɓa samu ba a zamanin da ake cewa shi ne ganiyar kiɗan.

Sai dai a lokacin ba a ƙara kiran su 'yan New Wave. A Satumbar 1988 Billboard ta buɗe sabon jadawali mai suna Modern Rock, kuma Siouxsie and the Banshees, waɗanda suka taso tun zamanin punk na Landan, su ne suka fara hawa kansa. Mutanen dai su ne, an sauya allon da ke ƙofar shago ne kawai. Wannan hanyar rediyo da shaguna da masu sauraro da suka shimfiɗa ita ce Nirvana, ƙungiyar rock ta Amurka, ta bi a 1991 ta shigo gari.

Hanyar da ta fi ba ni sha'awa kuwa ita ce wadda ta bi ta unguwannin baƙaƙen fata na Amurka, kuma ita ce aka fi mantawa in ana ba da labarin. A Detroit akwai wani mai gabatar da shirin dare a rediyo da ake kira Electrifying Mojo, wanda ba ruwansa da dokar nan ta cewa wannan kiɗan farare ne wancan na baƙaƙe. Yakan saka Prince da Parliament, ya biyo da Kraftwerk na Jamus da B-52's. Wasu samari uku da suka yi makaranta tare a garin Belleville, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, a wannan shirin suka sha karatu. Sun ji sanyin na'urar Turawa, sun ji ya dace da birninsu da masana'antun mota ke rufewa ana barin gine-gine kango, sai suka ɗora shi a kan bugun funk da suka tashi da shi. Abin da ya fito shi ne techno, kiɗan rawa na na'ura. A Shikago ma masu saka faifai irin su Frankie Knuckles suna gauraya tsohon disko da faifan na'ura da ake shigowa da su daga Turai, daga nan kiɗan house ya samu.

Akwai wani abu a nan da ya kamata a lura da shi, wato maganar kayan aiki. Injin ganga na Roland mai lamba 808, wanda ya fito a 1980, an daina ƙera shi a 1983. Ɗan'uwansa mai lamba 303, wanda aka yi don ya kwaikwayi jitar bas, bai karɓu ba sam. Da manyan situdiyoyi suka koma wa sababbin na'urori, waɗannan sai suka faɗa hannun 'yan gwanjo, inda yaron da ba shi da ko sisin kirki zai iya saya. Wasu samarin Shikago da ake kira Phuture suka murɗa maɓallan 303 ta hanyar da masu ƙera shi ba su taɓa nufa ba, suka fitar da wata ƙara mai kama da ɓulɓular ruwa, aka sake ta a faifai a 1987, ta zama tushen acid house. Bugun 808 kuwa har yau shi ne ƙashin bayan rap. Kayan da kasuwa ta yasar su ne suka gina kasuwar da ta biyo baya.

New Order su ne gadar da ta haɗa ɓangarorin biyu. Ragowar 'yan ƙungiyar Joy Division ne, waɗanda mawaƙinsu Ian Curtis ya rasu a Mayun 1980. Sun je New York sun ga gidajen rawarta, sun koma Manchester da sabon kunne. A Maris 1983 suka saki Blue Monday, waƙa mai minti bakwai da rabi, wadda ta fara da bugun injin ganga tsirara, yana tafiya yana sarƙewa kamar harbin bindiga mai jigida, a yi nisa sosai kafin a ji muryar mutum. Bangon faifan an yanka shi kamar faifan kwamfuta na wancan zamani, babu sunan ƙungiya a rubuce a gaba. Shi ne ya zama babban faifai mai inci 12 da ya fi kowane sayuwa a tarihi. Kuɗin da suke samu kuwa da yawansa a gidan rawar Haçienda yake ƙarewa, wanda su da kamfaninsu Factory suka buɗe a 1982, ya yi shekaru yana cin asara, wasu dararen ma ba kowa. Sai ga 1988, faifan Shikago da Detroit suka iso Ingila, gidan ya cika maƙil. Jikokin sautin da Turai ta aika Amurka ne suka dawo, sun sauya kama, su kuma New Order suka tafi tsibirin Ibiza suka fara aikin Technique, wanda ya zama kundinsu na farko da ya hau na ɗaya a Birtaniya a 1989. Ƙarshen labarin bai yi daɗi ba. Factory ya karye a 1992, Haçienda kuma aka rufe ta a 1997 bayan ƙwaya da 'yan daba da bashi sun yi mata katutu. Amma duk wani taron rawar na'ura da ake yi yau a Barlin ko Amsterdam yana da alaƙa da wannan zirga-zirgar.

Akwai kuma waɗanda suka bar kasuwar da ƙafarsu. Talk Talk ƙungiyar Landan ce da kamfanin EMI ya ɗauka a farkon shekarun 1980, aka sa musu fararen kaya, aka haɗa su da furodusan da ya yi wa Duran Duran aiki. Jagoransu Mark Hollis bai taɓa son hakan ba. Da kundinsu na 1986 ya sayu sosai, kamfani ya sakar musu kuɗi da 'yanci, sai suka shiga situdiyon Wessex suka shafe kusan shekara, galibi a cikin duhu, suna gayyato makaɗa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kaɗa abin da ya zo masa na tsawon sa'o'i, daga baya a tsinci daƙiƙu kaɗan a zubar da sauran. Sakamakon shi ne Spirit of Eden na 1988, waƙoƙi shida, uku na farko a haɗe suke fiye da minti ashirin, akwai wuraren da kusan shiru ne zalla sai ɗan kukan ƙaho daga nesa. Hollis ya ce ba za su yi rangadi da shi ba. Dangantakarsu da kamfanin ta ƙare a kotu. Suka ƙara kundi ɗaya a 1991 suka watse, shi kuma ya yi nasa guda a 1998 ya janye daga idon jama'a har ya rasu a 2019. A lissafin kanti wannan faɗuwa ce. Ni kuwa ban san wani aiki da ya fito daga wannan zuriya da ya kai waɗannan kundaye biyu zurfi ba, kuma ƙungiyoyin da aka riƙa kira post-rock a shekarun 1990 daga nan suka ɗebi wuta.

Wani kuskure da ake yi shi ne auna rayuwar kiɗan da jadawalin Amurka kaɗai. A wasu ƙasashen lokacin da New York ke cewa ya tsufa, lokacin ya fara. A Ajantina, yaƙin tsibiran Falkland na 1982 ya sa gwamnatin soja ta hana saka waƙoƙin Turanci a rediyo, abin da ya buɗe wa mawaƙan gida ƙofa. Soda Stereo, da aka kafa a wannan shekarar a Buenos Aires bisa tafarkin The Police da The Cure, sun zagaye Latin Amurka a ƙarshen shekarun 1980 suna cika filaye da Sifaniyanci, ba su yi bankwana ba sai 1997 a filin River Plate. A Tarayyar Sobiyat kuwa ƙungiyar Kino ta Leningrad, ƙarƙashin Viktor Tsoi, ta kai ganiyarta ne daga 1988. Ga matashin da ya tashi a gidajen siminti masu kama ɗaya, wannan murya mai sanyi da bugu mara ado ba kwalliya ba ne a wurinsa, yanayin rayuwarsa ne. Tsoi ya rasu a haɗarin mota a Latbiya a Agustan 1990, har yau akwai bangon da masoya ke rubutu a kansa a unguwar Arbat ta Mosko, kuma masu zanga-zanga a Belarus a 2020 sun rera waƙarsa ta neman sauyi. Su ma Depeche Mode sun yi wasa a Barlin ta Gabas a Maris 1988, tun katangar da ta raba birnin biyu na tsaye, kuma har gobe gabashin Turai na cikin wuraren da suka fi mabiya.

Shekarun 1990 su ne na jin kunya. Bayan kundin Nirvana ya ture na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a Janairun 1992, duk abin da ke da ƙamshin na'ura da askin 1983 ya zama abin dariya a Amurka. Duk da haka ta ƙarƙashi jinin yana gudana. Su kansu Nirvana sun rera waƙar Devo. Nine Inch Nails na Trent Reznor, in ka cire ihun, ginin Depeche Mode da Gary Numan ne. Furodusoshin rap da R&B kuma suka yi ta yanko gutsattsarin tsoffin faifan suna ɗora sabuwar waƙa a kai: Mariah Carey a 1995 da kiɗan Tom Tom Club, Puff Daddy a 1997 da na The Police, Rihanna a 2006 da na Soft Cell.

Daga 2001 aka fara dawowa fili. Interpol a New York, Franz Ferdinand a Glasgow, Bloc Party a Landan, da The Killers na Las Vegas, waɗanda ko sunansu ma daga wani bidiyon New Order suka ɗauko shi. Wasan kwamfuta na Vice City da ya fito a 2002 ya sa yaran da ba a haifa ba a 1983 suka haddace waƙoƙin shekarar. Zuwa ƙarshen 2019 The Weeknd ya saki Blinding Lights, wadda bugunta da ƙarar fiyanonta na tsakiyar shekarun 1980 ne sak, ta yi mako 90 a jadawalin Billboard. A 2022 wata waƙar Kate Bush ta 1985 ta hau na ɗaya a Birtaniya, shekara 37 bayan fitowarta, saboda an saka ta a wani shirin Netflix. The Cure ma sun koma na ɗaya a ƙasarsu da sabon kundi a Nuwambar 2024.

Ina murna da wannan, amma ba na ɓoye damuwata. Kama da wane ba ta wane. Yawancin abin da ake farfaɗowa da shi yanzu fatar ce, wato ƙarar ganga da ƙyallin fiyano, waɗanda yau kowace kwamfuta na da su a shirye, danna kawai za ka yi. Mutanen 1979 ba tuna baya suke yi ba. Suna tsoron yaƙin nukiliya, suna ganin masana'antu na rufewa, suna riƙe da na'urar da ba wanda ya koya musu, suna lalube. Wannan lalube shi ne ran kiɗan, shi ne kuma ba a iya saya a manhaja. Shi ya sa na fi ganin gadon a wurin irin su Molchat Doma, samari uku daga Minsk da suka yi kundi da Rashanci a 2018 da ƙaramin ƙarfi, ba tare da tunanin duniya za ta ji ba, sai a 2020 matasa suka tsinto shi a TikTok.

Akwai zaren da ya taɓo mu kai tsaye. Lokacin da Talking Heads ke shirin kundinsu Remain in Light na 1980, su da furodusansu Brian Eno faifan Fela Kuti suke ta saurare, kuma ba su taɓa ɓoye hakan ba. Daga Legas suka koyi gina waƙa a kan zagaye ɗaya da ke ta maimaituwa, kowane kayan kiɗa da ɗan gurbinsa, maimakon hawa da sauka irin na waƙar Turawa. Kundinsu na ƙarshe, wanda ya fito a 1988, a Faris suka yi shi, tare da makaɗan Afirka mazauna can, ciki har da Mory Kanté na Gini. A wannan shekarar jagoransu David Byrne ya kafa kamfanin faifai na Luaka Bop, kuma wannan kamfani ne a 2013 ya tattaro waƙoƙin William Onyeabor ya fitar wa duniya. Onyeabor mutumin Inugu ne da ya mallaki sintesaiza da situdiyonsa, ya yi kundaye da dama tsakanin 1977 da 1985, daidai lokacin da Sheffield, garin Human League, da Landan ke nasu gwajin, sannan ya ajiye kiɗa ya koma harkar addini da kasuwanci. Waɗanda suka ji shi a karon farko a Turai sun sha mamakin yadda mutum ɗaya a gabashin Najeriya ya isa wurin da su suke zaton nasu ne su kaɗai.

Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Benin ta sha faɗin cewa da ta isa Faris a 1983 ta ji waƙar Talking Heads, nan take kunnenta ya gane gida a ciki. A 2018 ta ɗauki Remain in Light sukutum, waƙa takwas ɗin duka, ta sake rera shi. Ta gayyato Tony Allen, makaɗin gangar da ya gina bugun Afrobeat tare da Fela, ta ƙara baituka da harsunan ƙasarta, ta cika shi da ƙahoni da amshin mata. Waƙoƙin da Byrne ya rera da muryar mutumin da ya rikice a tsakiyar birni, ita da muryar mai jan ayari ta rera su, har maganar da a bakinsa ta yi kama da firgici ta koma kira ga jama'a a bakinta. A cikin duk abin da aka yi da gadon New Wave a shekarun nan, wannan ne na fi komawa in saurara, domin ta ɗauki tsohon aiki ta sa shi ya faɗi abin da bai faɗa ba a 1980.